In Rikici Ya Ɓarke, Wa Ya Ɓarka Shi?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Galibi mutum ake nufi da abokan zamansa idan aka kawo wannan karin magana, amma mu da muke cin abinci da nazarin harshe da adabi mun daɗe da lura cewa ita ma kalma haka take. Kowace kalma tana da waɗanda take zama da su, kuma farin kanwarsu ba ya barin ta. Wannan maƙala ƙorafi ce a kan wasu kalmomin Turanci da suka saba tafiya bibbiyu ko uku-uku, waɗanda aka mayar riga guda da ake sanya wa duk abin da ya yawaita aukuwa a ƙasar nan, musamman zubar da jinin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kudancin Jihar Kaduna. Ƙorafi ne kuma a kanmu mu masu Hausa, da muke karɓar wannan riga hannu bibbiyu mu mayar da ita likkafani.

Ga abin da ya tunzura mu. A zangon karatun da ya gabata mun ba ɗaliban ajin fassara wani ɗan aiki. Muka ce su ɗauka daren jiya an kai hari wani ƙauye kusa da Kachiya, an kashe mutane, an ƙone rumbuna. Kowa ya rubuta mana labarin cikin sakin layi biyu, ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa. Da takardu suka dawo sai muka ga kamar hannu guda ne ya rubuta su. A ɓangaren Turanci, maharan "unknown gunmen" ne, harin "fresh attack" ne, daga nan "lives were lost", a ƙarshe kuma "normalcy has returned". A ɓangaren Hausa, wasu 'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba sun kai sabon hari, an yi asarar rayuka, amma yanzu ƙura ta lafa. Ba satar amsa yaran suka yi ba, rijiya ɗaya suka sha tun suna goye. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne a cikinsu akwai 'yan Kachiya da Zonkwa da Kafanchan, waɗanda wasunsu sun taɓa kwana a daji, wasu sun binne 'yan'uwa. Suna da labarin a ƙirji, amma da suka ɗauki alƙalami sai bakin rediyo ya ƙwace nasu.

Kalma Da Abokan Tafiyarta

Kada mai karatu ya zaci muna faɗa da ƙawancen kalmomi ne shi kansa. Babu harshen da zai rayu ba tare da shi ba. Bahaushe yana shan iska, yana shan wahala, yana cin bashi, yana cin amana, yana yanke hukunci, yana ƙulla zumunci. Abu fari fat yake, baƙi kuwa ƙirin, kuma duk wanda ya ce "fari ƙirin" ya tona wa kansa asiri cewa baƙo ne. Haka shi ma Bature ruwan samansa mai nauyi ne, shayinsa mai ƙarfi ne, in ka musanya masa su sai ya yi maka kallon ɗan koyo. Masanin harshen nan na Jami'ar Landan, J. R. Firth, shi ya fito da muhimmancin wannan al'amari a shekarun 1950, inda ya nuna cewa wani ɓangare na ma'anar kalma yana tattare da kalmomin da ta saba zama da su. Daga baya John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka tara miliyoyin kalmomi a kwamfuta suka bi sawun kowace, aikin da ya haifi ƙamus ɗin COBUILD a 1987. Cikin abin da Sinclair ya gano har da cewa aikatau irin su "happen" da "set in" sun fi son zama da abubuwa marasa daɗi. Wato kalma takan ɗauki warin abokan tafiyarta, ta riƙa yawo da shi ko da ba sa nan.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce gwargwadon yawan aukuwar abu, gwargwadon yadda kalmomin da ke bayyana shi ke manne wa juna, har su zama dunƙule guda da ake ɗauka a ajiye ba tare da an buɗe ba. Tun a 1946 George Orwell ya yi kukan wannan a maƙalarsa kan siyasa da harshen Turanci, inda ya nuna yadda shiryayyun jimloli ke karɓe wa marubuci aikin tunani. Idan abin da ake bayyanawa farashin masara ne ko cunkoson motoci, ɓarnar kaɗan ce. Amma idan ran ɗan'adam ne, shiryayyar jimla takan sa a ji labarin kisa kamar yadda ake jin hasashen yanayi, a ce Allah Ya kyauta, a ci gaba da shan koko.

Abin Da Rigar Ta Rufe

Bari mu ɗaga rigar mu ga abin da ke ƙarƙashinta. A watan Maris na 1987, shekarar da ƙamus ɗin Sinclair ya fito, saɓani a kan wani wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama tarzomar da ta kai har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone masallatai da coci-coci. A watan Fabrairu na 1992, batun mayar da kasuwar Zangon Kataf wani sabon wuri ya jawo kashe-kashe, aka sake yin wanda ya fi shi muni a watan Mayu. A 1999 gardama kan sarautar Jama'a ce ta hargitsa Kafanchan. A 2000 batun shari'a ne ya ci rayuka a Kaduna. A watan Afrilu na 2011 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ne, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 sun mutu cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. A Zonkwa da Matsirga akasarin waɗanda aka kashe Musulmi ne, a wasu garuruwan Arewa Kirista aka farauta aka ƙone coci-cocinsu, kasuwar Kafanchan kuwa ta zama toka. A jajiberin Kirsimeti na 2016 aka far wa ƙauyen Goska. A watan Oktoba na 2018 'yan sanda suka ce mutum 55 aka kashe a Kasuwan Magani.

Mai karatu ya duba da kyau: wa'azi, kasuwa, sarauta, shari'a, zaɓe, gona da burtali. Kowanne da mafarinsa, kowanne da waɗanda suka hura wutarsa, kowanne da waɗanda suka ci riba. Amma duka riga ɗaya aka ɗinka musu, wai "communal clash" ko "ethno-religious crisis", mu kuma muka fassara da rikicin ƙabilanci da addini. Likitan da ya kira kowane ciwo zazzaɓi ba zai taɓa warkar da kowa ba, domin bai tsaya ya bambance masassara da ciwon hanta ba. Mun lura rigar nan tana yin ayyuka huɗu, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɓoye Mai Aikatawa

Aiki na farko shi ne ɓoye hannun da ya yi ɓarna. A Turancin jarida, tashin hankali "erupt" yake yi, kalmar da ta saba zama da dutse mai aman wuta, ko kuwa ya yi "break out", kalmar da ke tafiya da annoba da gobara. Rayuka kuma "lost" ake cewa sun yi, kamar sulalla ne suka zube daga ɓulallen aljihu. Mu ma sai muka ce rikici ya ɓarke, an yi asarar rayuka. A daminar 2023 wata cutar funfuna ta afka wa gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a, ta durƙusar da manoman da cittar ce tuwonsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Da aka ce annoba ta ɓarke a gonakin citta, magana ta yi daidai, domin funfuna ba ta da suna, ba ta da unguwa, babu kotun da za ta gurfana. Amma da wane dalili za mu ɗauki aikatau ɗin da muka ba funfuna mu ba mutumin da ya wasa adda da rana, ya sayi fetur a galan, ya jira dare? Tsohuwar riga ce ke ɓarkewa da kanta. Gari sai an ɓarka shi.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: a wannan fage Hausa ta fi Turanci iya ɓoyo. Ɗalibanmu sun san cewa a rukunin aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960, "faru" da "auku" suna aji na bakwai, ajin da ke nuna abu ya wakana ba tare da an dubi mai yin sa ba. Ga kuma ɗan ƙaramin lamirin nan "an" da ƙannensa "aka" da "ana". An kashe, an ƙone, an kora. Harafi biyu kacal, amma runduna guda za ta iya fakewa a bayansu. Kakanninmu sun yi amfani da "an" don kunya da ladabi, mace ta ce an dawo tana nufin maigidanta, yaro ya ce ana kira yana nufin mahaifinsa. Mu kuwa mun ɗauki mayafin kunya mun lulluɓa wa mai kisan kai.

Sai "unknown gunmen", waɗanda muke jan dogon numfashi mu fassara da 'yan bindigar da ba a san ko su wane ne ba. Wa ne bai sani ba? A ranar 19 ga Oktoba 2018 aka sace Agom Adara, Dokta Maiwada Raphael Galadima, a hanyarsa ta komawa Kachiya daga Kaduna, bayan mako guda aka tsinci gawarsa. Waɗanda suka tare hanyar suna da iyaye, suna cin abinci, wani ya sayar musu da harsashi, wani ya sayar musu da katin waya. Rashin sani a ranar farko uzuri ne. Amma idan jimlar ta zauna daram shekara da shekaru, ta daina zama labari ta koma hukunci, wato ba a sani ba kuma ba za a nema ba.

Karon Da Babu Rago Biyu

Aiki na biyu shi ne daidaita wanda ya yi da wanda aka yi wa. Kalmar "clash" karo take nufi, karo kuwa sai da rago biyu, kowanne ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Babu shakka an yi karo na gaskiya a tarihin yankin nan, inda matasa suka fuskanci matasa. Amma tsohon da aka tarar yana barci a ɗakinsa da wa ya yi karo? Matafiyin da aka sauke daga mota aka tambaye shi sunansa, da wa ya yi arangama? Idan aka kira kisan gilla arangama, an raba laifin gida biyu ke nan, an ɗora rabi a kan gawa.

Ƙanwar wannan ita ce "reprisal attack", wadda muka yi wa kwalliya da harin ramuwar gayya. Wannan fassara ta fi asalinta haɗari, domin Bahaushe ya riga ya san cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma a kunnensa mai ramuwa yana da ɗan haƙƙi. Alhali kuwa abin da aka sha gani a Kajuru a 2019, da ma wurare da yawa kafin nan, shi ne wanda ake ramawa a kansa ba shi ne ya yi na farko ba. Bafulatanar da ke dakan gero a ruga ba ta san wanda ya kai hari ƙauyen Adara ba, haka yaron Adara da ke tsaron gona bai san wanda ya kashe shanu ba. Kalmar ramuwa tana ɗaure kisan yau da na jiya ta mayar da su sarƙa, kowane ɓangare kuma ya zaɓi zoben da zai fara ƙirga daga kansa. Da haka kowa ya zama mai ramuwa, aka rasa mai farawa.

Sabo Turken Wawa

Aiki na uku shi ne wanda ya fi shafar maudu'inmu kai tsaye, wato kalmomin da ke nuna yawan aukuwa. Turancin Nijeriya ya ƙware a nan. Kashe-kashe sun zama "common occurrence", ko "order of the day", ko "perennial crisis", ko kuma wadda marubutanmu suka fi ƙauna, "recurring decimal". Mu tsaya a kan biyun ƙarshe. Kalmar "perennial" ta masu nazarin tsirrai ce, tana nufin tsiron da ke sake tohowa kowace shekara ba tare da an shuka shi ba, kamar gamba. Ita kuwa ɗayar daga ajin lissafi aka ɗauko ta: raba 1 gida 3, za ka sami 0.333, ukun nan kuwa ba ta ƙarewa har tashin duniya, domin haka dokar lissafi ta hukunta. Marubucin da ya kira kisan Zangon Kataf da wannan suna yana ganin kuka yake yi, alhali albishir ya yi wa makasa cewa abin ba shi da ranar ƙarewa, kuma babu wanda za a tuhuma, tunda ba a kai lissafi kotu.

Haka "fresh attack", wadda muka mayar sabon hari. A bakin Bature kalmar farko da madara take tafiya, da burodi, da kifin da aka kamo yanzu. A bakinmu "sabo" da ango yake tafiya, da wata, da kaya. Harin da aka kai wa ƙauye guda karo na biyar, bisa gardamar da aka ƙi warwarewa shekara talatin, me ya sabunta a cikinsa ban da kaburbura? Daga nan sai mu ƙara da namu na gida, mu ce abin ya zama ruwan dare, ya zama jiki. Sabo turken wawa ne, in ji magabata, kuma igiyar da ke ɗaure mu a wannan turke da kalmomi aka tufka ta.

Ƙura Ta Lafa

Aiki na huɗu shi ne rufe magana. Bayan kwana biyu da dokar hana fita, kamar wadda aka sanya ta sa'a 24 a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf a ƙarshen 2016, sai a ji "uneasy calm", sai "normalcy has returned", sai alkawarin cewa masu laifi za a yi musu "brought to book". Mu kuma mu ce ƙura ta lafa, al'amura sun koma yadda suke. Yadda suke a wurin wa? Matar da ta koma ta tarar da toka a inda ɗakinta yake, wane "yadda suke" ta koma? Wani abin dariya mai kama da kuka shi ne, da yake yawancin jaridunmu ba sa sanya wa haruffa ƙugiya, abin da ake bugawa shi ne "kura ta lafa". Kuskuren ɗab'i ya fi editan gaskiya, domin kurar ce ta yi likimo tana jiran wani daren.

Daga nan sai kwamiti. Bayan 1987 an yi kwamitin Donli da kotun musamman ta Mai Shari'a Karibi-Whyte. Bayan 1992 an yi hukumar bincike ta Mai Shari'a Rahila Cudjoe da kotun Mai Shari'a Okadigbo, wadda ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗauri, hukuncin da har yau ɓangarorin biyu ba su daina jayayya a kansa ba. Bayan 2011 an yi kwamitin Shaikh Ahmed Lemu. Duk da haka, rahoton da Human Rights Watch ta fitar a watan Disamba na 2013 kan jihohin Filato da Kaduna ya nuna cewa ƙalilan ne ƙwarai daga cikin masu kashe-kashen aka taɓa hukuntawa. Jimlar da ba ta da mai aikatawa a farkonta, da wuya ta sami wanda aka hukunta a ƙarshenta.

Hanzarin Masu Hanzari

Mun san abokanmu 'yan jarida suna da hanzari, kuma ba za mu yi musu kunnen ƙashi ba. Na farko za su ce lokaci. Yawancin labaran ƙasar nan da Turanci ake fara rubuta su, mai fassara kuwa minti kaɗan ke gare shi kafin a kunna masa jar fitila, dole ya miƙa hannu ga abin da ke kusa. Mun yarda. Amma Abubakar Imam da abokan aikinsa, da suka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, su ma daga Turanci suke ɗauko labarin yaƙin duniya, kuma ba su zama bayin jimlar Bature ba. Sun tambayi kansu yadda za a faɗi abin a zaure, suka faɗe shi haka. Gaggawa tana iya zama uzurin rana ɗaya, ba ta zama uzurin shekara arba'in.

Na biyu za su ce taka-tsantsan. Idan aka faɗi wanda ya yi, wutar za ta tsallaka wani gari, kamar yadda aka zargi wasu kafofin watsa labarai da rura ta 1987. Wannan hanzari yana da nauyi, amma an karkatar da shi. Ba mu ce a ambaci ƙabila ko addini ba. Cewa Fulani sun kashe, ko Katafawa sun kashe, ko Hausawa sun kashe, wata maɓoya ce da ta fi "an" faɗi, domin tana ɓoye mutum goma a cikin miliyan, ta kuma miƙa miliyan ɗin ga wuƙa. Abin da muke nema shi ne a matso kusa: mutum nawa ne suka zo, ta wace hanya, da ƙarfe nawa, wa ya gan su, wa aka kira bai zo ba, wa ya ce ba a san su ba. Labarin da ya faɗi waɗannan ya fi kwantar da gari bisa wanda ya bar giɓi, domin giɓin da jarida ta bari jita-jita ce ke cike shi, ita kuwa ba ta da edita.

Na uku za su ce kalma ba ta kisa, bindiga ce ke yi. Haka ne. Amma magana zarar bunu ce, kuma kalma ce ke yanke wa al'umma abin da za ta ɗauka ƙaddara da abin da za ta ɗauka laifi. Abin da aka kira ƙaddara haƙuri ake ba da shi. Abin da aka kira laifi shi ake kai wa alƙali.

Akwai kuma dalilin da ya sa nauyin ya fi hawa kanmu mu masu Hausa. A kasuwar Kachiya, Adara da Bajju da Jaba da Fulani da Hausawa da Hausa suke cinikin citta. Da ita ake tafsiri a masallaci, da ita ake wa'azi a coci, tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ita ce harshe guda da gwauruwar Goska da gwauruwar Matsirga za su iya yi wa juna ta'aziyya da shi ba tare da tafinta ba. Idan muka bari wannan harshe ya cika da jimlolin da ba sa ganin kowa, mun toshe hanya guda da ta rage wadda kukan wannan zai kai kunnen waccan. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Sanga da Kachiya da Kaura da Zangon Kataf da Jama'a suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, suka kuma nemi gafarar juna a bainar jama'a. Ba ta hana jinin ƙarshen shekarar zuba ba, wannan gaskiya ne. Amma a ranar an ji abin da aka daɗe ba a ji ba, wato jimlar da ta fara da "mu" maimakon "an".

Kammalawa

Kiranmu ga ɗalibai ne, musamman masu aiko wa wannan mujalla waƙoƙi da gajerun labarai, domin mun ga cutar ta fara shiga can ma. Baiti bayan baiti, rashin tsaro ya addabi al'umma, rayuka sun salwanta, kamar an rera kanun labarai. Gobe ku ne a ɗakunan fassara da gidajen rediyo da ofisoshin da ake rubuta sanarwar gwamnati. Duk inda alƙalaminku ya rubuta "an", ku tsaya ku tambaye shi wa. In kun sani ku faɗa, in ba ku sani ba ku faɗi wanda ya kamata ya sani. Duk jimlar da ta zo muku da sauƙi a kan mutuwar mutum, ku tuhume ta, domin sauƙin alama ce ta cewa an riga an sa wa wani ita. Kada ku kira abu karo sai kun ga rago biyu, kada ku ce ƙura ta lafa sai kun tambayi wanda ta shiga wa ido. Malamai kuma, mu daina ba da maki ga fassarar da ta bi Turanci sawu da ƙafa don kawai ta yi kama da ta rediyo.

Mun ce takardun ajin nan kamar hannu guda ne ya rubuta su, amma akwai guda da ta fita daban, ta wata ɗaliba daga wani ƙauye a bayan Kachiya. Turancinta bai fi na kowa ba, ita ma maharanta ba a san su ba. Da ta zo ɓangaren Hausa sai ta manta da fassara. Ta rubuta cewa sun zo bayan an ci tuwon dare, su wajen goma sha biyu, ta hanyar rafi. Cewa wani tsoho bai gudu ba saboda ƙafa, jikarsa kuma ta koma ɗauko shi. Cewa buhunan busasshiyar citta sun kwana uku suna hayaƙi, har yau kuma in ta ji ƙamshin citta a shayi sai ta ajiye kofin. Bisa ƙa'idar aikin ta kauce, domin sakin layin biyu ba su yi daidai da juna ba. Mun daɗe riƙe da jan biro a kan takardar, daga baya muka ba ta maki mafi yawa a ajin.